GIDAN LIKITA A ƘASAR HAUSA: YADDA ƊAN ZAMANIN BIKTORIYA YA SHIGA GININ ƘASA

Duk ma'aikacin da aka taɓa kai shi aiki Birnin Kudu ko Gwaram, ya kuma yi bazara a can, ba sai an gaya masa abin da ake nufi da zafin gidan kwano ba. Tun da hantsi rufin yake fara ɗaukar wuta, kafin la'asar bangon bulo ya ƙoshi da rana, in dare ya yi kuwa sai ya shiga amayar da abin da ya sha, har mai gida ya naɗe tabarmarsa ya koma tsakar gida. Amma da a ce da tsakar ranar nan zai taka zuwa cikin gari, ya yi sallama a wani tsohon zaure na ƙasa, da sai ya tarar da dattawa suna zaune suna taɗi cikin sanyi kamar an yi yayyafi, alhali ba fanka ba lantarki. Wannan bambanci shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi labarin ɗaya daga cikin likitocin Turawa na farko-farko da suka zauna cikin birnin Hausa, mu duba irin gidan da ya baro a ƙasarsu, da irin wanda ya shiga a tamu.

GIDAN DA YA BARO

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila cikin shekarar 1837, ta rasu cikin 1901, kuma gine-ginen da aka yi cikin waɗannan shekaru har yau da sunanta ake kiransu. Gidan mai hali na wannan zamani gida ne da aka gina don yaƙi da sanyi. Da gasasshen bulo ake ɗaga shi, a yi masa rufi mai gangare sosai don ruwa da dusar ƙanƙara su riƙa zubewa, a sa murhu a kusan kowane ɗaki tare da bututun hayaƙi da ya ɓullo ta sama, sa'an nan a yi masa manyan tagogin gilashi, waɗansu ma a turo su waje kamar ƙirjin zakara, domin su kama ɗan hasken ranar da Allah ya hore wa ƙasar.

Gidan likita kuwa yana da wani ƙari. A wancan lokaci yawancin likitoci a gidajensu suke duba marasa lafiya, saboda haka tilas gida ɗaya ya ɗauki aiki biyu. Akan ware ɗakin jira da ɗakin duba majiyyaci a ƙasa, kusa da ƙofar titi, iyali su koma bene, barori kuma a cusa su can ƙarƙashin ƙasa wajen madafa ko can ƙarƙashin rufi. A jikin ƙofa akan kafa farantin tagulla mai ɗauke da sunan likita, da dare kuma a kunna jar fitila don wanda ciwo ya taso wa cikin duhu ya gane gidan. Babban abin da mai tsara irin wannan gida yake ƙoƙarin cim ma shi ne baƙo ya shigo, a biya masa bukatarsa, ya fita, ba tare da ya ga matan gida ba ko su sun gan shi. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Wannan salon gini bai tsaya Ingila kaɗai ba. A garin Cape May da ke Jihar New Jersey ta Amurka akwai wani sanannen gida mai ɗaki 18 wanda aka gina wa Dokta Emlen Physick cikin 1879, ana kuma jingina zanensa ga Frank Furness, mashahurin mai zanen gine-gine na birnin Philadelphia. Da katako aka gina shi, an jera sandunan katako a jikin bango a tsaye da gicciye don ado, bututun hayaƙinsa kuma sun fi faɗi daga sama, sai ka ce an kife su. Abin dariya, shi mai gidan ya yi karatun likita ya gama amma bai yi aikin ba, noma da kiwo ya sa gaba.

GIDAN DA YA SHIGA

Likitan da muke magana a kansa shi ne Walter Miller, wanda Zage-zagi suka sani da Likita Mila. An haife shi a Ingila cikin 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, watau dai ɗan zamanin Biktoriya ne gaba da baya. Ya fara zuwa Tarabulus ya koyi Hausa wajen Hausawan da ke can, sa'an nan cikin 1900 ya shigo ƙasar nan cikin ayarin 'yan mishan ƙarƙashin Bishop Tugwell. Sun kai har Kano, amma Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba, ya ce su fita, suka juya suka yada zango a Girku. Sai cikin 1905, bayan Turawa sun ci ƙasar, Mila ya sami zama cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ba boyayyen abu ba ne cewa abin da ya kawo shi yaɗa addininsa ne, kuma ba a sha inuwa ɗaya tsakaninsa da Sarki ba. Wannan labari ne na daban. Abin da ya shafe mu yau shi ne gini.

Babu gasasshen bulo a Zariya ta 1905, babu gilashi, babu siminti, jirgin ƙasa ma sai cikin 1911 ya kai Kano. Saboda haka ginin ƙasa irin na maƙwabtansa shi ne ya zama masa gida, ya zama masa ɗakin magani, ya kuma zama makarantar yaran da ya tara. Ya yi shekara fiye da 20 cikin ganuwar Zariya.

To, ga inda maganar da muka ce a riƙe take da amfani. Matsalar da masu zanen gidajen likitoci na Landan suke ta fama da ita, ta raba baƙo da iyali, Bahaushe ya daɗe da warware ta. Zaure yana bakin hanya, kowa na iya sallama ya zauna, ga dakali a ƙofa don wanda bai sami wuri ciki ba. Daga zaure sai ƙofar gida, sa'an nan shigifa, inda ba mai wucewa sai wanda mai gida ya yi wa izini. Ƙofofin kuma ba a jera su saiti ɗaya, don kada idon na waje ya zarce har cikin gida. In aka ɗora aikin likita kan wannan tsari sai ka ga kamar don shi aka yi: zaure ɗakin jira, shigifa ɗakin ganin likita, cikin gida kuma na mai gida da iyalinsa. Malamai masu ba da rubutu da wanzamai da masu ɗori tun fil azal haka suke karɓar masu neman magani, har gobe kuma haka ake yi a Gwaram da ƙauyukanta.

AIKIN MAGINA

Ya kamata ɗalibai musamman su san yadda ake ɗaga irin wannan gini, gama da yawa sun tashi suna jin an ce ginin ƙasa sai su ɗauka laka ce kawai aka tara. Ba haka ba ne. Da fari akan haƙo ƙasa mai kyau daga kududdufi, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa tare da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake cuɗawa. Daga nan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya ya bushe ƙarau. Magini yana zaune bisa bango, yaransa na jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa, yana jera su kai sama, layi bisa layi. Gindin bango yakan kai ƙafa 2 ko fiye, musamman in za a ɗora bene, sa'an nan ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa.

Wannan kauri shi ne asirin sanyin zaure. Zafi ba ya ratsa ƙasa mai kauri da sauri. Ranar da ta bugi bango da azahar sai dare ya raba kafin ɗuminta ya iso ciki, lokacin kuwa iskar waje ta riga ta huce. Da hunturu kuma sai abin ya juya, ɗumin rana ya zama bargon dare. Kwano kuwa ba shi da wannan haƙuri, abin da ya karɓa nan take yake miƙa wa na ƙasa da shi.

Wajen rufi nan ne gwanintar take. Ƙasar Hausa ba ta da dogayen itatuwan katako, abin da take da shi shi ne giginya, wadda ake tsaga gangar jikinta a fid da azara. Azara tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cin ta ba, amma in aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta iya tsallake fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba. Da a ce magina sun tsaya nan, da duk ɗakunanmu sun zama lunguna. Sai suka ƙago tauyi, watau a binne guntayen azara cikin bango a turo kawunansu ciki don su rage tazarar. Suka kuma ƙago bakan gizo, inda ake ɗaure azara daki-daki da igiya, kowane daki yana ɗan turowa gaba da na ƙarƙashinsa, daga bango biyu masu fuskantar juna har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. In bakuna suka gitta juna aka ɗora tulluwa a kai, shi ne ɗaurin guga. Da wannan dabara ake samun soro mai faɗin da ya wuce ƙafa 20 ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba. Injiniya na yau da yake saka rodi cikin kankare, in ya yi adalci, zai yarda cewa tunanin ɗaya ne: ƙasa ta ɗauki nauyi, azara ta hana tsagewa.

Sauran aiki shi ne kare ginin daga ruwa. Akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi da wuraren da ruwa ya fi duka kuma a yi musu laso, watau katsi daga marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara. A kafa indararo mai tsawo don ya jefa ruwa nesa da gindin bango, a ɗaga zankwaye a kusurwoyi, in mai gida na da hali a zana masa dagi da sauran ado a fuskar zaure. Dubi yadda sana'a take ciyar da sana'a: sharar marini da ta majemi ita ce simintin magini.

Kada kuma a manta, a daidai shekarun da Biktoriya ta hau sarauta ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ashe mu ma muna da namu gine-ginen na wancan ƙarni, kuma Likita Mila a cikin birnin da jikokin wannan gwani suke riƙe da sarautar magina ya zauna.

WUSASA DA NASARAWA

Cikin 1929 aka tashi mishan daga cikin birni aka koma Wusasa, bayan ganuwa. A lokacin siminti da kwano sun riga sun shigo ƙasa, amma duk da haka majami'ar da suka gina a can, mai suna ɗaya da asibitin da Mila ya yi karatu, maginan Hausa ne suka ɗaga ta da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. A wannan unguwa aka kafa asibiti da makaranta, kuma daga hannun wannan mishan ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Wanda yake son ganin yadda Bature ya zauna cikin ginin Hausa da idonsa, ba sai ya je Zariya ba. Mutumin Birnin Kudu in ya shiga Kano, tsohuwar hedkwatarsa kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa cikin 1991, sai ya nemi Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa. Mai gidan, Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan ne, da farko ɗan mishan ne na ƙungiya ɗaya da Mila kafin ya koma aikin gwamnati cikin 1903, kuma a wannan wuri ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa cikin 1909. Gidan na ƙasa ne, ga zankwaye, ga zane a fuska, ga kaurin bango, ya kuma haura shekara 100 yana tsaye domin ba a daina kula da shi ba.

DOKAR YADI 440

To, me ya raba mu da wannan hanya? Abin mamaki, likitoci suna da hannu ciki. Cikin 1897 wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin da ke kashe Turawa a ƙasashe masu zafi. Daga nan sai likitocin gwamnati suka ba da shawara a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. A Nijeriya aka yi doka cewa a bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin bariki da gari, ba gini a ciki, wai don kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya kai ga Bature. Sai dai kuku da boyi da iyalansu a bayan gidan Baturen suke kwana, sauro kuma ba a taɓa jin ya karanta doka ba.

Da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa kawo siminti da kwano da gilashi, sai Ma'aikatar Ayyuka ta shiga gina wa Razdan da Di'o da likitan gwamnati gidaje irin na bariki: a ɗaga daɓe sama da ƙasa, a kewaye gida da baranda mai faɗi, a yi silin mai tsawo, a sa tagogi masu fuskantar juna da ragar sauro, a dasa itatuwa kewaye. A gaskiya waɗannan gidaje ba su da laifi wajen sanyi, domin baranda tana hana rana taɓa bango. Ɓarnar ta zo ne daga baya. Da 'yan ƙasa suka gaji mukaman Turawa, gidan kwano ya zama alamar ci gaba, kowa ya so nasa, amma da kuɗi suka gaza sai aka yar da baranda, aka rage tsawon silin, aka sare itatuwa, aka riƙe kwano da bulo mai rami kaɗai. Mun saki na Bahaushe, ba mu kuma kama na Bature duka ba. Gidan da ma'aikacinmu yake gudu da tabarma ke nan.

Ba kuwa muna cewa ginin ƙasa ba shi da aibi ba ne. Yana da shi ƙwarai. Kowace shekara yana neman yaɓe kafin damina, in indararo ya toshe ruwa ya kwanta bisa soro, azara na iya ruɓewa rufi ya faɗo kan masu barci, kuma mutanen kudancin Jigawa sun ga irin wannan asara a shekarun da ruwa ya yi yawa. Tagoginsa ƙanana ne, duhu ya yi yawa, ga ɓeraye da kuɗin cizo in ba a tsabtace ba. Ɗakin tiyata kuwa yana bukatar daɓe da bangon da za a wanke da ruwan magani kullum, wannan ba aikin ƙasa ba ne. Giginya ma ta yi wuya, gama tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma masu sara sun fi masu dasawa yawa.

Amma aibin da aka sani yana da magani. A ƙasar Burkina Faso, Diébédo Francis Kéré, wanda ya ci babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya mai suna Pritzker cikin 2022, ya gina makaranta a ƙauyensu Gando cikin 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar sarari don iska ta riƙa kwashe zafi. Daga baya ya gina asibiti a garin Léo, har da gidajen likitoci, da bulon ƙasa cikin kayan aikinsa. Zafin Burkina Faso bai gaza na Gwaram ba. In ya yiwu a can, hukumomin da ke gina gidajen malamai da ma'aikatan lafiya a ƙauyukanmu ba su da hujjar ƙin gwadawa ko da a wuri ɗaya.

Akwai kuma batun adana abin da ya rage. Gidan Dokta Physick na Amurka ya lalace har an yi niyyar rushe shi, sai mutanen garin suka kafa ƙungiya cikin 1970 suka cece shi, yau gidan tarihi ne da baƙi ke biyan kuɗi su shiga. Masallacin Babban Gwani na Zariya kuwa, a shekarun 1970 aka gina sabon masallacin siminti aka lulluɓe abin da aka bari na tsohon a cikinsa. Mai son ganin kamanninsa na asali sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwaye shi bisa awon da Zbigniew Dmochowski, wani masani ɗan ƙasar Folan, ya yi. Ba don wannan mutum ya zo da igiyar awo da takarda ba, da siffar ta tafi ke nan.

A Birnin Kudu, zane-zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu suna ƙarƙashin kulawar hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, kuma dutse mai haƙuri ne, yana iya jira. Soro ba ya jira. Damina biyu ko uku in ta wuce ba yaɓe, sai labari. Tsofaffin zauruka na masu sarauta da na malamai da na attajirai da suka rage a Birnin Kudu da Gwaram Tsohuwa sun cancanci a auna su, a zana su, a ɗauki hotonsu, a kuma zauna da dattawan magina a rubuta sunan kowane ɗauri da kowane ado daga bakinsu. Wannan aiki ne da malamin tarihi ko na zane zai iya yi da 'yan ajinsa cikin hutu ɗaya, ba ya bukatar kwangila.

Ɗalibin da yake son ya fara da ganin aikin gwani, hanya ba ta da nisa. Daga Birnin Kudu ya bi titin da ya ratsa Ningi zuwa Bauci, ya sauka a Kafin Madaki, ya nemi a nuna masa soron da ake kira Babban Gwani, wanda aka gina wa Madakin Bauci wajen 1860. In zai yiwu ya je cikin watan Afrilu da tsakar rana, ya riƙe ma'aunin zafi a aljihu, ya duba shi sau ɗaya a ƙofa, sau ɗaya a ƙarƙashin bakan gizo.